Ajiyar da Ta Hana Iya Shiga Ruwa

A cocinmu na Wudil ba kullum ake yin baftisma ba. Ba mu da yawa, kuma wanda yake riƙe da mu mai bishara ne da ba a naɗa ba, don haka ba shi da ikon sa mutum a ruwa. Malam muke ce masa. Sai dai a jira Rabaran ya zo daga Kano, shi kuwa ba ya zuwa sai bayan girbi, lokacin da kogi ya ja da baya. Ranar da ya zo mukan sauka bakin ruwa da sassafe, can ƙasa da gada inda masu yashi ba su haƙa ramuka ba, a yi waƙa a hankali, a gama, mu dawo kafin gari ya cika.

Ni an yi mini tun ina sakandare, ban ma daɗe a ajin baftisma ba. Iya kuwa, mahaifiyar Babanmu, a ajin na same ta, a ajin na bar ta. Yaran da ta goya sun shiga sun fita, wasu har sun yi aure, ita tana nan a bencin baya duk Asabar da yamma, da mayafinta a kafaɗa. Ba ta iya karatu ba, amma tambayoyin ajin da amsoshinsu duk suna kanta, har in Malam ya yi tuntuɓen baki ita take gyara masa. Ba ta fashin sujada. Ita take fara zuwa shara. Amma duk shekara in Rabaran ya zo, sai a shiga ruwa da wasu, ita tana zaune a kan yashi tana tafi.

Da ina yarinya ban damu ba. Sai da na gama makaranta na fara tsaron wani kemis kusa da tasha, ina ganin tsoho ya zo awon jini yau, jibi a ce mini ya rasu, sannan abin ya tsaya mini a rai. Iya ta tsufa. Na ce matar nan za ta mutu tana 'yar aji, kuma ba haka kawai ba, akwai wanda ya tare mata hanya.

Malam na fara zargi. Na san a ƙauyenmu na asali, can bayan Utai, Iya ta yi dahuwar giya kafin ta tuba, kuma akwai dattawan da ba sa manta irin wannan komai daɗewar mutum da bari. Na kuma lura 'ya'yan ma'aikata in sun shiga aji ba sa jimawa a ciki. Wata Lahadi bayan an tashi, na tare shi a ƙofar coci yana shigar da ganguna.

"Malam, me Iya ta yi muku?"

"Ina kwana dai tukuna."

"Ina kwana. Me ta yi muku?"

"Lafiya lau. Ya mutan gida? Ya kasuwa? Ya jama'a?"

Sai da ya ja ni muka gama gaisuwar tas, sannan ya ce, "To, yanzu faɗi laifina."

Na faɗa. Ban rage komai ba, har maganar 'ya'yan ma'aikata. Bai ji haushi ba, wannan ma ya ƙara mini zargi, don ni a sanina mai gaskiya yakan ɗan ji zafi in an yi masa ƙage.

Ya ce, "Duk zuwan Rabaran, Iya nake fara tambaya ko ta shirya. Je ki ki ji abin da take ce mini."

"Me take cewa?"

"Bakinta yana nan, ba wanda ya ɗinke shi."

Na tafi ina cewa tura ni gaba kawai ya yi don ya huta. A gida na sami Baba a tsakar gida yana kwance wani injin ban-ruwa, gyaransu ne sana'arsa. Na tambaye shi. Bai ko ɗago ba, ya ce, "Ki fita daga maganar nan." Na tambayi Iya da kanta, ta ce, "Lokaci bai yi ba, 'yar nan," ta aike ni ɗebo garwashi. A nan na gane dukansu abu ɗaya suka sani, ni kaɗai aka bari a waje.

Ba da wata dabara na gano ba. Wata rana mai kemis ya rufe da wuri zai je jana'iza, na dawo gida da azahar, lokacin da ba a sa ran kowa. Ƙofar Iya a saye take. Na tura, na same ta zaune a ƙasa, ta jawo wata 'yar baƙar tukunya daga ƙarƙashin gado. Ba irin tukwanen da ake ginawa a nan Wudil ba ce, tsohuwa ce ƙwarai, bakinta har ya cinye. A cinyarta akwai ƙyallen baƙin saƙi, a kansa ƙahon rago da aka toshe bakinsa da fata, a hannunta kuma wuƙa, tana goga mata man gyaɗa da tsumma.

Ban taɓa gani ba, amma na san ko mene ne. Mu asalinmu Maguzawa ne. Kakana, mijin Iya, wanda muke ce wa Tsoho, har ya mutu bai bar gargajiya ba. Shi yake yi wa kan gida yanka kafin shuka, wato abin da gidanmu ya gada yana bauta wa tun kakanni. Baba ne ya fara zama Kirista tun yana saurayi, Iya ta biyo shi daga baya. A cocinmu kuwa, duk wanda ya fito daga gargajiya, kafin ya shiga ruwa sai ya kawo kayansa na da, layu da guraye da sauransu, an ƙone a bayan coci a gaban dattawa. Na taɓa ganin an yi, warin fata ya daɗe bai bar hancina ba.

Iya ba ta firgita ba. Ta ce, "Rufe ƙofar, kina shigo mini da ƙuda."

"Iya, tsafi kike yi?"

"Tsatsa nake cirewa."

"A gidan Kirista? A ƙarƙashin gadon da kike durƙusawa kina addu'a?"

"Ke, zauna. Kin tsaya mini a ka kamar 'yar sanda."

Na zauna a bakin gado. Ta ce kayan nan ba nata ba ne, ba kuma na Baba ba ne. A gidanmu in maigida ya mutu, ƙaninsa ne yake gadon wuƙa, ba ɗansa ba. Tsoho yana da ƙane ɗaya, wanda Baba yake ce wa Baffa. Ya tafi kudu cirani tun kafin a haife ni, ya musulunta a can, ya yi iyali, bai sake waiwayo gida ba. Da Tsoho zai cika, ya sa ta jawo tukunyar, ya ɗora hannunta a kai, ya ce ta riƙe har ƙaninsa ya zo, ta sa masa a hannu. Ta ce to.

"Wannan 'to' ɗin ce ta zaunar da ni," in ji ta. "In na kai aka ƙone, na ƙone kayan mutane, na kuma yi wa mamaci ƙarya. In na ɓoye na shiga ruwa, na yi wa Ubangiji ƙarya. Wacce kika zaɓar mini?"

"To in bai zo ba fa?"

"Zai zo."

"Yaushe?"

"Ku da kuke waƙa duk Lahadi kuna jiran dawowar Mai Ceto, ya faɗa muku yaushe? Ban ga kun gaji kun watse ba. Ni ƙanin miji kawai nake jira, wanda ko mota tana zuwa garinsu."

Ban gamsu ba. Maganar ta cika daɗi, ni kuwa duk maganar da ta cika daɗi sai na leƙa bayanta. Wanda ba ya son abu, me ya kai shi shafa masa mai? Daga ranar na ɗauke zargina daga kan Malam na ɗora shi a kan Iya.

Na fara sa mata ido. In ta shiga ɗaki ta saya ƙofa, sai in ƙirƙiro dalilin wucewa. In tana addu'a ƙasa-ƙasa, sai in kasa kunne in ji sunan wa take kira. Na taɓa ɗora siririn zare a kan murfin tukunyar don in san ko ana buɗewa. Washegari na same shi a naɗe tsaf a kan matashina. Da hadari ya fara haɗuwa, daidai lokacin da Tsoho yakan yi yankansa, jan zakaranmu ya ɓace. Na tambaye ta, ta ce muzuru ne. Na zagaye gida da bayan gida, ban ga ko gashi ɗaya ba. Wane irin muzuru ne yake shara in ya gama ci? Baba ya ce wataƙila yaran unguwa ne. Har yau ban san inda zakaran ya shiga ba, kuma ba zan ce na sani ba.

Na sha tunanin in ɗauke tukunyar ranar da ta tafi taron zumuntar mata a coci, in hau gada in sake ta a kogi. Abin da ya hana ni ba tsoro ba ne. Na san Iya. Da ta duba ba ta gan ta ba, cewa za ta yi amana ta salwanta a hannunta, sai ta ci gaba da jiran Baffa don ta ba shi haƙuri. Wato na ƙara mata wani jiran a kan na farko.

Na koma wajen Malam. Wannan karon na gaishe shi har ƙarshe tun kafin ya nema, don kada ya ɓata mini lokaci. Na ce ya kwaso dattawa su zo su ɗauke tukunyar a gabanta, ai suna da iko.

Ya ce, "In mun ɗauke da ƙarfi, za ta shiga ruwa zuciyarta tana ƙarƙashin gado. Wanka kawai za ta yi, wanka kuwa ta saba."

"Ko dai tsoron tukunyar kuke ji?"

Ya yi dariya. "Tsoron Iya dai. Ki saurara. Ba ruwa ne yake ceto ba, wanda ta ba da gaskiya gare shi ne. Shi ya daɗe yana haƙuri da ni kafin in juyo, ban ga dalilin da zan kasa haƙuri da ita ba. Jiran nan ma ba zaman banza ba ne, addu'a muke yi a ciki."

"Addu'a ba ta hana mutum ya tashi ya yi wani abu ba."

"Ba ta hana ba. Tashi ki yi."

Na fita ina tunanin ko gatse ya yi mini.

Wajen ƙarshen damina, wata safiya kofi ya suɓuce daga hannun Iya, bakinta ya ɗan karkace. Muka kai ta asibiti, aka ce hawan jini ne ya taɓa ɓarin hagu. Ta dawo gida tana jan ƙafa, hannun kuma ba ya ɗaguwa. Na ga irin wannan da yawa a kemis, na san yakan dawo ba sallama. Ga girbi ya matso, Rabaran yana hanya.

Na matsa wa Baba sai da ya faɗa mini cewa babban ɗan Baffa, wani Alhaji, yakan zo kara ranar kasuwa ya sayi shanu ya loda a tirela zuwa kudu. In sun haɗu suna gaisawa, amma Baba bai taɓa ɗaga masa maganar tukunya ba, wai da nauyi. Ni ban ji nauyin ba. Na shiga kara da takalmin roba ina tsallake kashin shanu, dillalai suna tambayata saniya nake nema ko miji. Na same shi a inuwar tirela yana shan fura. Na faɗi ko ni 'yar waye, na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni a gaban masu yi masa lodi. Ya ajiye ludayi, ya ja ni gefe.

"'Yata, ana faɗar irin wannan a kasuwa? Mu fa mun bar abin nan tun kafin a haife ni."

"Mu ma mun bari, Alhaji. Amma yana ƙarƙashin gadon Iya."

Da la'asar ya biyo ni gida da babbar wayarsa, ya kira mahaifinsa ta bidiyo. Wani tsoho ya bayyana, farin gemu, farar hula, kumatu cike. Na kai wayar gaban Iya. Ta daɗe tana kallo, sannan ta juyo ta dube ni.

"Wa kika ɗauko ya yi mini wasan kwaikwayo? Ƙanin mijina siriri ne, wuyansa kamar na zalɓe."

Ashe ni ma ana zargina. Na ce ta tambaye shi duk abin da ta ga dama. Ta matso da baki kamar za ta ciji wayar.

"Kai, ranar da aka kawo ni gidanku, me ka sata a ɗakina?"

Sai kafaɗun tsohon suka fara rawa don dariya. "Nakiya ce, matar Yaya. Kuma ba sata ba ce, rabon ƙanin ango ne."

"Shi ne," in ji Iya. "Ɓarawon ne."

Suka gaisa, suka yi wa juna gaisuwar waɗanda suka rasu, mutum bayan mutum. Da aka zo kan tukunya sai fara'arsa ta ɗauke. Ya ce shi ya je Makka, ba ruwansa da wannan, ya yafe, mu ƙone ko mu jefa a kogi. Na ji kamar in yi guɗa. Na ce, "Iya, kin dai ji da kunnenki."

Ba ta kula ni ba, shi ta amsa wa. "Na ji. Amma yayanka bai ce in ji ta bakinka ba, cewa ya yi in sa maka a hannu. In ƙonawa ce, zo ka ƙone abinka. Tsoro kake ji, shi ya sa kake so tsohuwa ta ɗaukar maka."

Ya ce in Allah ya yarda zai zo. Na san mutumin da yake da niyya, na kuma san wanda yake so a ajiye waya.

Rabaran ya zo bayan girbi, aka yi wa wasu matasa. Iya ta sa Baba ya kai ta bakin ruwa a adaidaita, ta zauna a kan tabarma tana buga cinya da hannun da ya rage mata. Ni ban yi waƙa ba. Da muka dawo na ce mata wannan ba haƙuri ba ne, taurin kai ne aka ɗaura masa zanen zumunta. Ta ce, "Wataƙila," ta ce in miƙo mata ruwa.

Na karɓi lambar Baffa a wajen ɗansa. Da farko duk ranar kasuwa nake kiransa, daga baya ya koma kusan kullum. Yau ya ce ƙafa, gobe ya ce hanya ba kyau, jibi ya ce sai bayan azumi. Wata rana na ce masa, "Baffa, ka gafarce ni, amma in Iya ta mutu a haka, ni da kaina zan sa tukunyar nan a tirelar ɗanka tare da shanu, a sauke maka ita a ƙofar gida da rana tsaka, maƙwabta suna kallo." Ya kashe wayar. Da Baba ya ji, ya daina amsa gaisuwata na ɗan lokaci. Iya ta ce ita ba ta aike ni ba. Amma na lura ta sa an wanke mata zanenta na fita, ta kuma sa an surfa gero an ajiye.

Ya zo ana tsakiyar zafin bazara, a gaban tirelar ɗansa da ta dawo ba kaya. Bai sanar da kowa ba. Na dawo daga kemis na ga takalmin baƙo a ƙofar Iya, na ji muryarta daga ciki.

"Ka yi ƙiba, maigida ƙarami. Matan kudu sun iya kiwo."

"Ke kuwa kin ƙanƙance, matar Yaya. Da na san haka kika koma, da ban ɓata kuɗin mota ba."

"Motar ɗanka ce, wane kuɗi? Har yanzu ba ka daina ƙarya ba."

Da ya gan ni ya ce, "Wannan ce mai tirela?" Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce Allah ya ba wanda zai aure ni juriya.

Aka ci abinci. Maƙwabciyarmu Hajiya ta aiko masa da buta da darduma, ya yi la'asar a inuwar zaure. Da ya dawo Iya ta ce in jawo tukunyar. Shi ne karo na farko da na ɗaga ta, ba ta da wani nauyi. Na ajiye a tsakaninsu. Baffa ya janye ƙafafunsa. Ya ce a bar ta nan, ai ya gani, ya karɓa.

"Ba idonka aka ce ba," in ji Iya. "Miƙo hannu."

Ya dubi Baba, Baba ya dubi ƙasa. Ya yi bisimilla a hankali, ya miƙo hannu biyu. Iya ba za ta iya ɗagawa da hannu ɗaya ba, ta kuma hana ni taimaka mata. Sai ta riƙa tura tukunyar da tafin hannun dama a kan tabarma har ta taɓa yatsunsa. Ya ɗauka. Ya buɗe, ya ga wuƙar tana ƙyalli, idanunsa suka ciko. Ya ce tun yana ƙarami shi yake riƙe wa Yaya ƙafafun abin yanka, kuma bai zo jana'izarsa ba.

"To yanzu me zan yi da ita?"

"Wannan kuma kai da Allah. Ni na sauke."

Washegari da safe ya sa tukunyar a buhu, ya hau acaɓa ya nufi wajen Utai, inda kufan gidanmu yake. Ya dawo da azahar hannu wofi, gwiwoyin wandonsa duk ƙasa. Ba wanda ya tambaye shi sai ni. Ya ce, "Ke 'yar jarida ce?" Ina zargin binne ta ya yi, bai fasa ba. Ina kuma zargin tun farko ba tukunyar kaɗai Iya take so ya karɓa ba, so take ta gan shi da idonta kafin ɗayansu ya tafi. Na faɗa mata haka. Ta ce, "Zuciyarki ɗakuna sun yi mata yawa, 'yar nan, ki riƙa ba da haya."

Saura Rabaran, shi kuma sai bayan girbi, ga shi ko ruwan farko bai sauka ba. Iya ta ce za ta jira. Malam ya ce zai aika masa. Na ce na gaji da masu aikawa. Na shiga motar Kano, na zauna a ƙofar ofishinsa tun safe, duk wanda ya ce in dawo gobe sai in ce masa ina nan. Da ya fito na ba shi labarin a tsaye, daga tukunya har ƙafar da take ja. Ya ce ba a saba yi a wannan lokacin ba. Na ce, "Rabaran, ciwon da yake jikinta ba ya duba abin da aka saba." Ya kalle ni ta saman tabarau, ya tambayi ko ni 'yar waye. Sannan ya ce in gaya wa Malam ya shirya, zai zo Asabar.

Da Iya ta ji ta ce na hana bawan Allah sakat. Bayan an jima kuma ta ce in duba mata ko farin zanenta yana buƙatar guga.

A bazara kogin yakan janye sosai, ruwan sai can tsakiya. Baba da Malam suka ɗauke ta a kan kujerar roba suka ratsa yashi da ita, matan zumunta suna biye da waƙa. Wasu masunta da suke gyaran koma suka dakata suna kallo. Baffa bai koma kudu ba tukuna, ya biyo mu, ya tsaya can nesa a gindin wata bishiya da hannayensa a baya. Aka shiga da kujerar har ruwa ya kai mata ƙirji. Rabaran ya fara tambayoyi, tana amsawa kafin ya gama, har ya ce, "Iya, bari in kai ƙarshe mana." Suka kwantar da kujerar baya da ita a kai, ruwa ya rufe fuskarta, suka ɗago ta. Ta yi tari, ta share ido da hannun dama.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Iya."

"To, na gode wa Ubangiji. Ku fitar da ni, da sanyi."

Ni ce na riƙe zanen da aka lulluɓe ta da shi. Na yi kuka, ba na musu.

Iya tana nan da ranta. Ta ga zuwan Rabaran na bayan girbi ba sau ɗaya ba tun daga lokacin. Shi ya sa duk sanda maganar ta taso Baba yakan ce da na zauna lafiya ma da an yi a kan lokacinsa, Allah ba ya makara, ni ce dai na tayar da hankalin tsofaffi daga nan har kudu. Ni ban yarda ba, don a wancan lokacin ba wanda ya tabbatar mini za ta kai girbi. Rannan muna cin tuwo na ce wa Iya ta raba mu, ni da Baba wa ya fi gaskiya. Ta ce ita yanzu cikakkiyar 'yar ikilisiya ce, ba ta shiga gardamar yara. Na dai lura ba ta ce Baba ne ba.